Layi Uku Da Gwani Ya Gyara

Akwai wani mai rubuta manhajar kwamfuta da abokan aikinsa suke kira Gwani. Da zolaya aka fara, amma sunan ya bi shi har ya manne, shi kuwa bai taɓa cewa a daina ba.

A gaskiya ya iya aikinsa. Kamfanin da yake ciki ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon tayoyi, da tebura shida da fanka mai ƙara kamar za ta tsinko. Mutum biyar ne ke rubuta kod a wurin, wato umarnin da kwamfuta ke bi, amma duk abin da ya gagara, teburin Gwani ake kai wa. Abin da wani zai kwana uku yana fama da shi, shi kafin shayinsa ya huce ya warware.

Babban aikin kamfanin shi ne manhajar wani asibiti mai gadaje talatin. Rajistar marasa lafiya, fayilolinsu, siton magani, rabon gadaje, duk a cikinta ake yi. Gwani ne ya gina ta tun daga tushe, shekara shida yana ɗora mata kaya, kuma babu wanda ya san lungunanta sai shi.

Gwani yana da yaya guda ɗaya, mai walda ne. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya tsaya masa har ya gama karatu. Duk girman kan Gwani, idan ya shiga rumfar waldar nan sai ya koma ƙaramin ƙani, ya zauna a kan tsohuwar taya yana riƙe wa Yaya ƙarfe.

Ƙoda ɗaya gare shi, Yaya. An cire masa guda shekarun baya, wadda ta rage ma lallaɓa ta ake yi. A wannan asibitin yake ganin likita, kuma tsohon likitansa ya sa an rubuta gargaɗi a fayil ɗinsa. Da an buɗe sunansa sai jan rubutu ya fito a saman allo: ƙoda ɗaya ce, kada a ba shi magungunan kashe ciwo masu wahalar da ƙoda.

Wata rana Yaya ya ɗaga gilashin waldarsa ya dubi ƙanensa da ke danne-danne a kwamfutar da ke kan cinyarsa.

"Wai kai me kake ƙerawa ne a cikin akwatin nan? Ni dai ban taɓa ganin tartsatsi ya fito ba."

Gwani ya yi dariya, ya nuna wani ƙarfen buga bulo da Yaya ke haɗawa.

"Ka ga wannan? Sau ɗaya za ka ƙera shi, mai bulo ya yi ta fitar da dubbai. To mu ma haka muke yi. Na ƙera mazubi guda na sa masa suna Majinyaci, na ce duk wanda ya fito daga cikinsa zai zo da suna, da shekaru, da ciwonsa. Mazubin nan shi muke kira aji. Kai kuma da aka zuba ka a ciki, kai ne bulon."

"To madalla. Na rene ka, yau ka mayar da ni bulo."

"Bulo mai gata, Yaya. Duk ranar da ka je asibitin nan ba sai ka yi dogon bayani ba. Komai naka yana cikin manhajar. Ni na gina ta."

Yaya ya gyaɗa kai, ya sauke gilashinsa ya ci gaba da aiki. Maganar ƙanensa ba ya musunta ta.

Yanzu bari in ɗan yi muku bayanin abu ɗaya, don ku gane inda gizo ya yi saƙa.

A irin wannan rubutun kod akwai abin da ake kira gado. Aji ɗaya yakan zama kamar uwa, wasu azuzuwan su fito daga jikinsa, su gaji duk halayensa. Amfaninsa shi ne ba sai ka maimaita rubutu ba. Haɗarinsa kuma, duk abin da ka canza a jikin uwar, ya canzu a jikin 'ya'yan gaba ɗaya, ko ka yi niyya ko ba ka yi ba.

Gwani ya gina aji guda ƙato ya sa masa suna Uwa. Majinyaci daga Uwa ya fito. Kwalin magani daga Uwa. Gado na kwanciya, ma'aikaci, motar ɗaukar marasa lafiya, har janareta, duk 'ya'yan Uwa ne. Kuma bai rufe komai ba. Kowane ɓangare na manhajar yana iya miƙa hannu ya taɓa kayan cikin kowane ɓangare, kamar gidan da aka cire wa ƙofofi.

Yana alfahari da abin. Yakan ce, "Wuri ɗaya nake taɓawa, asibiti gaba ɗaya ya amsa."

Ana nan sai mai kamfanin ya ɗauki sabuwar ma'aikaciya. Ta haura shekara arba'in, ta koyar da lissafi a sakandare shekara goma sha biyu kafin ta koyi rubuta kod, don haka kowa Malama yake ce mata. Ba ta da sauri. Takan zauna ta karanta layi ɗaya sau uku, tana bi da gindin biro a kan allo kamar mai duba jarrabawa.

Mako biyu ta yi tana karanta aikin Gwani. Ran nan ta jawo kujera ta zauna kusa da teburinsa.

"Gwani, in ba za ka damu ba, ina da tambaya. Me ya haɗa majinyaci da kwalin magani har suka zama uwa ɗaya?"

Bai ɗago ba. "Duk suna da suna, duk suna da lamba, duk ana rubuta musu gargaɗi. Sai in rubuta abu ɗaya sau goma?"

"Kama da wane ai ba ta wane. Gargaɗin kwali daban, gargaɗin mutum daban. Ni a ganina a raba su. Kowane aji ya killace kayansa, ya bar ƙofa guda da za a riƙa shiga ta nan. Yadda take yanzu, ran da wani ya taɓa Uwa saboda sito, ba mu san wa zai ji a jikinsa ba."

"Wani wa? Ni kaɗai nake taɓa Uwa."

"Kai ma ai mutum ne."

A nan ya ɗago. Ya juya kujerarsa don sauran su ji.

"Malama, nan fa ba aji uku ba ne. Shekara shida abin nan yana aiki ko tari bai taɓa yi ba. Ke da kika ajiye alli jiya, yau za ki koya mini gini? A bar kaza cikin gashinta."

Wasu suka yi dariya, ba don abin ya ba su dariya ba, sai don Gwani ne ya faɗa. Malama ta mayar da kujerar inda ta ɗauko ta.

Amma ba ta haƙura ba. Tun da an hana ta taɓa ginin, sai ta koma rubuta gwaje-gwaje. Su kuma wasu ƙananan kod ne da ke bin manhaja suna duba ta da kansu duk lokacin da aka yi canji. In komai lafiya su nuna kore, in wani abu ya karye su nuna ja, su hana canjin wucewa. Wata biyu tana yi, har ta rubuta sama da ɗari uku.

Matsalar ita ce gwaje-gwajen kan ɗauki minti goma sha biyu kafin su gama. Gwani kuwa ya saba ya danna ya wuce.

Rana ta farko ya yi tsaki. Rana ta uku ya tashi ya shiga wurin mai kamfani. Malama tana jin muryarsa ta bangon katako.

"Yallaɓai, ko ni ko waɗannan shingayen nata. Ba zan zauna ina jiran izinin injin da ɗalibar jiya ta rubuta ba."

Mai kamfanin mutum ne mai gudun rigima, kuma ya san in Gwani ya tafi, manhajar ta tafi da shi, don a kansa take. Sai ya kira Malama ya ce ta yi haƙuri, a kashe gwaje-gwajen tukuna, za a duba maganar nan gaba.

Ta ce, "Yallaɓai, asibiti ne fa. Ba shagon tayoyi ba."

"Na sani, Malama. A dai yi haƙuri."

A ƙarshen watan ta ajiye aiki. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta wanke kofinta ta sa a jaka, ta bi tebur tebur ta yi sallama, har da na Gwani.

"Na bar gwaje-gwajen a cikin rumbun ajiyar kod, ban goge ba," in ji ta. "Ko ba kullum ba, ran da za ka taɓa Uwa ka kunna su."

"Allah ya kiyaye hanya, Malama. A gaida ɗalibai."

Bayan kamar wata biyar, mai kula da siton maganin asibitin ya bugo waya yana ƙorafi. Ya ce allonsa ya cika da jan rubutu. Gargaɗin da aka sa wa kwalayen da aka gama da su tun bara da bara waccan yana nan yana fitowa, har ba ya iya gane sabo daga tsoho.

Gwani yana cin abincin rana a kan teburinsa lokacin. Ya ce, "Ba ni minti biyar."

Ya buɗe Uwa. Ya ƙara layi uku: duk gargaɗin da ya wuce shekara ɗaya, a daina nuna shi. Ya duba allon sito ya ga ya yi fes. Rumbun ajiyar kod ɗin yakan tambayi dalilin kowane canji, sai ya rubuta, "ɗan ƙaramin gyara na sito." Ya tura, ya ci gaba da cin abincinsa.

Ko sau ɗaya bai tuna cewa Majinyaci ma ɗan Uwa ba ne.

Wata biyu bayan haka Yaya ya ɗaga wata ƙofar ƙarfe shi kaɗai, bayansa ya riƙe. Ya kwana biyu yana dauriya, rana ta uku matarsa ta matsa masa ya tafi asibiti. Tsohon likitansa ya yi ritaya. Wani sabo ya tarar, mai natsuwa, ga layin mutane har bakin ƙofa.

Likitan ya buɗe fayil ɗin. Allo fari tas, babu ja ko ɗigo.

"Baba, akwai wani ciwo da kake fama da shi, ko maganin da aka hana ka?"

Yaya ya yi murmushi duk da ciwon. "Duk yana cikin na'urar nan taka, likita. Ƙanena ne ya gina ta."

Likitan ya sake duban allon, ya rubuta masa allura, da ƙwayoyi na kwana goma, safe da yamma.

Yaya mutum ne mai bin doka. Bai tsallake ko ɗaya ba. Ciwon bayan ya sake shi, har ya koma rumfa. A kwana na takwas ƙafafunsa suka fara kumbura, ya ce tsayuwa ce. A na goma sha ɗaya ya daina fitsari. A na goma sha biyu ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida da hantsi, matarsa ta kira Gwani tana magana da ƙyar.

A babban asibitin da aka kai shi, likitar ƙoda ta karɓi ledar magungunan daga hannun matar Yaya, ta juya kwalin, ta dubi Gwani.

"Wa ya ba mai ƙoda ɗaya wannan?"

Gwani bai tsaya jin sauran ba. Ya hau mota ya koma ƙaramin asibitin, ya tura ƙofar sabon likitan ba sallama, ya ce masa duk abin da ya zo bakinsa. Ya ce makaho ne. Ya ce an rubuta masa gargaɗi da ja ƙato a saman allo, ko ɗan firamare zai gani.

Likitan ya buga lambar fayil ɗin, ya juyo da allon.

Babu komai a wurin.

"Ba zai yiwu ba," in ji Gwani. Ya ja madannan gabansa, ya rufe ya sake buɗewa. Ya sake. Sunan Yaya, shekarunsa, lambar wayarsa. Saman allon fari.

Ya fita baranda ya zauna a benci tsakanin wata mai goyo da wani tsoho mai sanda, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa. Rumbun ajiya ba ya mantuwa, yana rubuta wanda ya taɓa me, da rana, da lokaci. Bai yi nisa da nema ba ya gani. Sunansa ne. Ƙarfe ɗaya da minti goma na rana. Ɗan ƙaramin gyara na sito.

Gargaɗin Yaya shekararsa biyar da rubutawa.

Ya daɗe yana kallon layukan nan uku. Sannan ya nemo gwaje-gwajen Malama inda ta bar su, ya kunna. Ba su kai minti goma sha biyun ba ma. Cikin daƙiƙa arba'in guda ɗaya ya yi ja ya tsaya. Ta sa masa suna da harshe mai sauƙi, irin na malaman makaranta: "Gargaɗin majinyaci ba ya tsufa."

Mai goyon ta dube shi ta ce, "Bawan Allah, lafiya? Ko a kira maka nas?"

Ya girgiza kai.

A nan kan bencin ya cire layukan uku. Minti biyu bai cika ba jan rubutun ya dawo a fayil ɗin Yaya, ɓaro-ɓaro, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba. Ba a goge shi ba dama, ɓoye shi kawai aka yi.

Jama'a, da a nan ya tashi ya faɗi gaskiya, da an ce ya yi kuskure irin na ɗan Adam. Amma Gwani ya rufe kwamfutarsa ya yi shiru.

Da hukumar asibitin ta zauna bincike washegari, suka buɗe fayil ɗin suka ga ja. Sabon likitan ya rantse cewa ranar babu shi. Babu wanda ya yarda, don ga abu a gaban kowa. Aka dakatar da shi.

Kwana tara Gwani yana ɗauke da wannan a cikinsa. Da safe ya je babban asibiti ya ga an jona wa Yaya robobi a wuya ana wanke masa jini. Da rana ya je ofis ya zauna gaban allo bai rubuta ko harafi ba. Abinci ya daina wuce masa. Matar Gwani ta ɗauka damuwar ciwon Yaya ce kawai, tana ta ba shi baki, kowace kalma tata kuwa kamar ana zuba masa gishiri a gyambo.

A rana ta tara likitar ƙoda ta kira shi gefe. Ta ce sun jira su ga ko ƙodar za ta farfaɗo, ba ta farfaɗo ba, kuma ba ta sa ran za ta yi. Wankin ƙoda ne sau uku a mako, har iyakar rai, sai fa in an samu dashe.

"A ɗauki tawa," in ji shi, tun ba ta rufe baki ba.

Aka gwada. Jininsu bai zo ɗaya ba.

Ya fito harabar asibitin, ya tsaya a inuwar wata bishiya, ya nemo lambar da bai taɓa kira ba. Malama ta ɗauka a bugu na biyu. Ya gaya mata komai, bai rage ba. Yana jira ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba.

"Fayil nawa ne gargaɗinsu ya ɓace?"

"Ɗari biyu da goma sha huɗu."

"Na tsawon wata biyu."

"E."

"Asibitin sun sani?"

"A'a."

"To ba ni ya kamata ka fara kira ba, Gwani. Mutum ɗari biyu da goma sha uku suna gidajensu, wasu suna shan abin da aka rubuta musu a watannin nan. Ka je yanzu. In ka fito ka kira ni."

Ya je. Ya tsaya gaban shugaban asibitin da mai kamfaninsu, ya buɗe rumbun ajiya ya nuna musu sunansa da rana da lokaci, ya nuna musu ranar da ya mayar da abin a ɓoye.

Kwana huɗu ma'aikatan jinya suna bin lambobin waya ɗaya bayan ɗaya. Yawancin mutanen Allah ya tsare, ba su zo asibiti a watannin ba. Amma an samu wata tsohuwa da aka ba maganin da jikinta ba ya karɓa, ta kwana biyu ba ta san inda take ba, 'ya'yanta suna ta cewa tsufa ne. An samu wani direba da yake tsakiyar shan nasa, aka tsayar da shi.

Aka aika wa sabon likitan takardar ban haƙuri, aka ce ya dawo. Bai dawo ba. Gwani ya nemi gidansa ya je har ƙofa. Likitan ya fito ya saurare shi a tsaye.

"Kuskuren farko ban riƙe ka da shi ba," in ji shi. "Ni ma da na ƙara tambaya ɗaya, da na ɗaga rigarsa na ga tabon tiyata. Wannan zan mutu da shi. Amma kana zaune aka ce mini maƙaryaci."

Ya koma ciki ya rufe ƙofa a hankali.

Mai kamfani ya sallami Gwani. Ya roƙi Malama ta dawo ta karɓi aikin, ta ce za ta dawo da sharaɗi ɗaya: a bar Gwani ya riƙa zuwa yana nuna mata lungunan, don babu mai iya kwance ƙullin sai wanda ya ƙulla. Wata huɗu suka yi suna rarraba Uwa. Majinyaci ya koma ajinsa shi kaɗai, a rufe, ba mai taɓa gargaɗinsa sai likita. Kwalin magani ya koma nasa. Kowane canji sai mutum biyu sun duba, sai gwaji ya yi kore.

Manhajar ta gyaru ƙwarai. Yaya kuwa kullum ƙara ramewa yake yi.

An rufe rumfar walda. Hannun da ke lanƙwasa ƙarfe ya koma ba ya iya murɗe marfin gora. Ruwa ma da awo ake ba shi, rabin kofi, ya riƙe a baki ya daɗe kafin ya haɗiye. Gwani ne ke kai shi wankin ƙoda Litinin da Laraba da Juma'a, ya zauna gefensa awa huɗu suna kallon jini yana fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan.

Har lokacin Yaya bai sani ba. Shi dai an ce masa magani ne bai karɓe shi ba. Sau da yawa Gwani yakan buɗe baki, sai Yaya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ka bar aikinka kana wahala da ni," sai maganar ta koma ciki.

Wata Laraba, an jona shi ke nan, nas ta fita, Gwani ya jawo kujerarsa kusa.

"Yaya, akwai abin da ban gaya maka ba."

Ya faɗa. Bai ɓoye a bayan kalmomin aiki ba. Ya ce jan rubutun da zai hana a ba ka maganin, ni na cire shi da hannuna. An gargaɗe ni na yi izgili. An ba ni abin da zai kama kuskuren na kashe shi saboda ba zan iya jiran minti goma sha biyu ba.

Yaya bai motsa ba. Idonsa na kan silin. Injin yana ta ƙaramar ƙararsa. Sannan ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Da gangan ka yi?"

"A'a, Yaya."

"Sauran mutanen fa?"

"An same su duka. Ba wanda ya rasu."

"To alhamdu lillahi."

Yaya ya mayar da idonsa kan silin. Gwani ya so a ce ya zage shi, ko ya kore shi daga ɗakin. Da ya fi masa sauƙi.

"Na yafe maka," in ji Yaya daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba don abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi. Amma ina da roƙo. Kada yarana su ji wannan maganar, ko yanzu ko nan gaba. Uwarsu ma ka bar ni ni zan san yadda zan gaya mata."

"Yaya, ai hakkinsu ne su sani."

"Hakkinsu ne su samu wanda zai riƙe su. Kai ne za ka riƙe su, ba ni da wani. Yaro ba ya cin abinci a hannun wanda yake ƙi."

Gwani ya kifa kansa a ƙarfen gadon. Yaya ya ɗaga hannun da ba a jona wa roba ba, ya ɗora masa a ƙeya, ya bar shi a nan har nas ta dawo.

Wata goma sha huɗu Yaya ya ƙara a duniya. Ya rasu wata Asabar da rana, a ɗakinsa.

Yaran su uku suna gidan Gwani yanzu. Babbar tana aji biyar a sakandare, kuma duk wanda ya tambaye ta takan ce ba ta da kamar baffanta a duniya, shi ya yi jinyar babansu har ƙarshe. In ta faɗi haka a gabansa, sai ya tashi ya ce zai duba wani abu a waje.

Darasi: Iya aiki ba ya hana kuskure, girman kai ne ke hana a kama shi da wuri. In wani ya nuna maka tsaga a bangon da ka gina, ka tashi ka duba, ko da jiya ya fara koyon gini. Ku masu rubuta manhaja, ku raba abin da bai kamata a haɗa ba, ku rufe abin da ya kamata a rufe, ku bari a gwada aikinku, don a bayan kowace lamba da ke kan allo akwai ɗan wani ko yayan wani. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, kafin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san rayuwar mutane na bi ta hannunsa, wataƙila ya tsaya ya sake dubawa kafin ya danna.